Baffa Buba da Harawar da Ta Jira Bature

Bana shekara hamsin da biyu ke nan da rasuwar Baffa Buba, manomi kuma mai kiwo a wani ƙauye da ke gefen Durun a ƙasar Kabo. Ba shi da sarauta, bai taɓa shiga aji ba, kuma ban san wata jarida da ta taɓa buga sunansa kafin yau ba. Ƙanin mahaifina ne. Shi ya ɗauke ni ina ɗan shekara biyu da mahaifina ya rasu, ya riƙe ni har na zama abin da na zama. Kowace shekara in watan rasuwarsa ya kama, nakan sa a yi masa saukar Alƙur'ani, in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya ƙi, kuma wata ɗaliba ce ta jawo.

Tana digiri na biyu ne a fannin da na tsufa a cikinsa, wato nazarin zamantakewar al'umma da yadda za a ciyar da ƙasashe matalauta gaba. An gaya mata ina cikin waɗanda suka fara irin wannan bincike a yankin Gwarzo da Kabo, shi ne ta zo neman albarka. Ta durƙusa ta gaishe ni yadda ya kamata, ba ni da ta cewa a kan tarbiyyarta. Sai ta fito da waya ta nuna mini tambayoyin da za ta kai wa manoma. Daga wata ƙasa aka rubuto su, kowace tambaya da amsoshi huɗu, manomi ya zaɓi ɗaya. Na ce mata, in amsar mutum ba ta cikin huɗun fa? Ta ce ai wayar ba ta yarda a wuce sai an zaɓa. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Da haka muka fara, in ji kuturu da ya ga mai ƙyasfi. Namu a takarda yake, bambancin ke nan.

Mu asalinmu Fulanin daji ne da suka zauna. Fillanci ya ɓace a bakinmu tun zamanin kakanni, amma saniya ba ta fita daga ranmu ba. Baffa yana da ɗan garke a bayan gida, gadon mahaifinsa. In ka tambaye shi nawa ne, sai ya ce alhamdu lillahi, don a wurinmu ba a ƙirga dabba a gaban mutane. Ni da na yi boko na laɓe na ƙirga, bakwai ne. Da nononsu matarsa, Inna Dije, take riƙe da gida, da kashinsu gona take rayuwa. A lokacin kuwa gyaɗa ce sarauniya. Yaran yanzu suna ganin hoton dalar gyaɗa suna ta marmarin zamanin da ba su sani ba. Ba wanda yake gaya musu cewa gonakin gyaɗar nan su suka cinye makiyaya, suka matse burtali har saniya biyu ba sa iya jerawa a cikinsa. Mai shanu a wannan zamani, in bai tanadi abincinsu daga gonarsa ba, to rani zai karɓe su.

Saboda haka Baffa yake noman gyaɗarsa yadda yake yi. Iri mai yaɗo yake shukawa, wanda 'ya'yansa ba su kai na wasu yawa ba amma ganyensa kamar bargo. Yana ratsa gero a tsakani, abin da manoma suke kira gicci, don ko gyaɗa ta ƙi, tuwo ba zai ƙi ba. In kaka ta yi aka cire gyaɗa, kwana kaɗan yake barin ta ta sha iska a tsinke 'ya'yan, sai ya nannaɗe ganyen tun yana da sauran kore, ya ɗora a kan rassan itatuwa da kan rumfa, inda gara da danshin ƙasa ba za su kai ba. Wannan ita ce harawa. Ita shanu suke ci daga lokacin da ciyawa ta ƙare har ruwa ya sauka. 'Ya'yan gyaɗa na kamfani ne da haraji, harawa kuwa ta gida ce. Duk wanda ya tashi a ƙauyenmu ya san wannan tun kafin ya san hagunsa da damansa. Ni ma na sani, na sha ɗaukar harawa a kaina. Sai da na yi karatu mai zurfi sannan na manta.

Na gama digirin farko aka riƙe ni a jami'a in yi na biyu. Malamin da yake duba aikina wani Bature ne dogo, mutanen ƙauye suka sa masa Mai Lofe saboda lofen tabar da ba ya barin bakinsa, ni ma da sunan zan kira shi. Ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Ya haddace gaisuwar Hausa daga littafi, yana jero ta a tsaye ba ya jiran amsa. Abin da ya koya mana shi ne manoman duniya kashi-kashi ne: akwai masu saurin karɓar sabon abu, akwai masu bin baya, akwai masu taurin kai da al'ada ta ɗaure. Aikin mai bincike ya gano wane ne wane, ya kuma gano abin da yake hana na ƙarshen nan wayewa. Mun zauna muna rubuta wannan da hannu bibbiyu, mu 'ya'yan manoma, ba wanda ya ɗaga yatsa ya ce, Malam, su waɗannan masu taurin kan, su suka noma abin da muka ci muka zo nan. Kunya ma muke ji a san daga cikinsu muka fito.

Bincikena yana bukatar gonar gwaji. Za a shuka sabon iri mai tsayuwa, zalla ba gicci, a sa takin zamani, a auna abin da aka samu, sannan in bi maƙwabta da takardar tambayoyi in ga wa zai kwaikwaya. Na zaga Gwarzo, na shiga ƙauyen Jama'a, kowa ya karɓe ni da fara'a, ya ba ni fura, ya ce sai ya yi shawara. Ba wanda ya gama shawarar. Damina ta matso, Mai Lofe ya fara maganar ko za a ba wani ɗalibi gurbin. Sai na tuna ina da inda ba a iya ce mini a'a. Sunan kakana aka sa mini, mahaifin Baffa, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Abba yake ce mini. Na san nauyin wannan sarai, kuma da shi na je.

Na same shi yana gyaran igiyar maraƙi. Muka gaisa, ya tambayi karatu, ya tambayi Baturen, ya tambayi ko ana ba mu abinci sosai a can. Sannan na faɗi abin da ya kawo ni, kuma babbar gonar na roƙa, ta bakin rafi.

Ya ajiye igiyar. Ya ce, "Abba, irin nan naku, yaya ganyensa?"

Na ce, "Baffa, ai ba ganye ake nema ba, 'ya'ya ake nema. Buhunan da za ka samu sai ka rasa inda za ka zuba."

Ya ce, "To. In karatun ba zai yiwu ba sai da ita, ga ta nan."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Na koma na rubuta a littafina cewa manomi na farko ya amince bayan an yi masa bayani. Ji fa, bayani. Mutum ya ba mai sunan ubansa abin da ya roƙa, ni kuma na rubuta cewa hujjar kimiyya ce ta ratsa shi.

Gyaɗa ta yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Layi-layi a tsaye, malamin gona yana ta kawo mutane kallo. Ganyenta bai kai na mai yaɗo ba, amma da an tattara shi a kan kari da ya kai shanun wani wuri. Inda aka yi ɓarnar shi ne wajen cira. Ƙa'idar binciken ta ce in an cire gyaɗa a bar ta a inda take, kowane yanki da tarinsa, kada a tsinke ko ƙwaya ɗaya, kada a gusar da ko reshe, sai mai duba aiki ya zo an tsinke an auna a gabansa. Wai don kada manomi ya ɓoye wani abu ko ya ƙara. Ka ji inda aka ajiye mu. Aka cire ranar Asabar a kan Mai Lofe zai zo Talata. Talata ta zo ta wuce. Sai saƙo ya iso cewa an riƙe shi a birni, ana babban taro a kan yadda za a taimaki manoman karkara.

A Gwarzo nake zaune lokacin, a ɗakin wani malamin makaranta, don na fi ƙarfin kwana a ƙauye. Rana ta takwas da hantsi sai ga Baffa a ƙofa, ya tako da ƙafa tun asuba. Bai taɓa zuwa inda nake ba sai ran nan. Bayan gaisuwa ya ce ganye ya fara kakkaɓewa, gara ta fara shiga ta ƙasa, kuma bai yarda da gabas ba, akwai sauran ruwa a sama. Ya ce a bar shi ya tsinke 'ya'yan ya zuba kowane yanki a buhunsa, ya rantse ba zai taɓa ƙwaya ba, shi dai ya ɗauke harawarsa. Dattijo mai furfura yana yi wa ɗan da ya goya rantsuwa a kan ba zai saci gyaɗar gonarsa ba.

Na ce, "Baffa, in aka taɓa, aikin shekara ya lalace. Ka ƙara haƙuri kwana biyu."

Ya ce, "Aikin shekara." Sannan ya ce, "To, Allah ya kawo shi lafiya."

Ko ruwa bai sha ba ya juya. Na bi shi da kallo ina jin haushin yadda mutanenmu ba su san muhimmancin ƙa'ida ba. Wallahi abin da na ji ke nan, ba zan gyara shi don ya yi daɗin karantawa ba.

Kwana biyu bayan nan ruwan ya sauka, irin na ƙarshen damina mai zuwa da iska. Ya kwana ya wuni a jikin tarin gyaɗar. Da Mai Lofe ya iso a rana ta goma sha uku, da Landirobarsa da sikelinsa da kyamara, ganyen ya yi baƙi, ya yi funfuna, abin da gara ta rage ko akuya ba za ta sunsuna ba. 'Ya'yan kuwa yawancinsu sun tsira. Aka tsinke aka auna, suka fi na kowace gona a ƙauyen. Mai Lofe ya yi murna ƙwarai, ya girgiza hannun Baffa, ya tsayar da shi a gaban buhuna ya ɗauki hoto. Ya nuna baƙin tarin da bakin lofensa ya tambaye ni mene ne wancan. Na ce masa sharar gona ce. A takardar awonmu babu gurbin harawa, to abin da ba shi da gurbi ai babu shi.

Mutane suna cewa zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Baturen nan baƙo ne, bai taɓa ganin saniya tana lasar ƙasa don yunwa ba. Ni na gani. Shi ya sa in na ji 'yan bokonmu suna ɗora wa Turawa laifin komai nake jin takaici. Wa ya nuna musu hanya? Wa ya yi musu tafinta? Wa ya zaɓo musu gonar da mai ita ba zai iya musu ba? Har gobe haka abin yake. Masu farar motar ƙungiyoyin agaji ba su san hanyar Durun ba, ɗan gari ne yake zama a gaba yana nuna kwana, da hular kamfani a kansa da ruwan roba a hannu, yana ce wa iyayensa “waɗannan mutanen”.

Rani ya shigo Baffa ba shi da harawa, ba shi da karan geron da gicci yake ba shi. Masu kora shanu kudu sun riga sun tashi tun kaka, bai haɗa su da nasa ba don ya dogara da babbar gona kamar kullum. Ya nemi harawar saye, amma ruwan da ya ɓata tasa ya taɓa ta wasu, kowa yana riƙe da abin da ya tsira da shi. Maƙwabta sun kawo abin da suka iya, dami ɗaya, dami biyu, shi kuma ba mai zuwa ƙofar wani ya ce a ƙara ba ne. Ya sassabe ganyen itatuwan da ke kusa har suka ƙare. Buhunan gyaɗar da aka yi ta yi wa hoto sun tafi kamfani, abin da suka kawo saniya ba ta cin sa. Nono ya ƙafe. Inna Dije ta kife ƙoren tallanta a kan rumfa. Kafin bazara ya fara kora su kasuwar Gwarzo ɗaya bayan ɗaya, ƙashi da fata, mahauta suna taya su a wulaƙance. Har da Baƙar-kunne, wadda ta fi kowace nono, wadda yake cewa jinin saniyar da mahaifinsa ya fi so ce. An ce ranar da ya kai ta bai tsaya ya ga wanda ya ja ta ba. Ina jami'a ina jera alƙaluma a lokacin, a wasiƙar wani ɗan ajinmu na firamare na ji.

Guda ɗaya ya bari, kuma ita ce mafi lalacewa a garken. Tsohuwa ce, ƙahonta ɗaya a karye, ana ce mata Guntuwa, rabonta da haihuwa an kwana biyu. Ita ya riƙa ba dusar gidan, ita yake yankar wa ciyawar bakin rafi da hannunsa, har jinkar rumfarsa ya zare ya ba ta. Da na zo zagaye na biyu na tambayoyi na ga haka, na tambaye shi don me ya sayar da masu nono ya bar wannan. Ya ce, "Ita ba ta sayarwa ba ce." Na matsa, ya ce in sha furata. Damina ta dawo ya koma wa irinsa mai yaɗo da giccinsa, maƙwabta kuwa ko mutum ɗaya bai karɓi sabon iri ba. Sun ga buhuna, sun kuma ga turken shanu.

To a nan ne ilimi ya yi aikinsa. Tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta, mu kuwa da Turanci muke naɗe tamu. Na zauna na rubuta babi guda a kan wani da na kira Manomi na Ɗaya. Na ce ya ga riba da idonsa amma ya koma wa tsohuwar hanya, wanda ya nuna al'ada ta fi lissafi ƙarfi a zuciyar irin waɗannan mutane. Na ce asalinsu na kiwo ya bar musu wata ƙauna ga shanu da ba ta da alaƙa da amfani. Babbar hujjata ita ce Guntuwa: ga mutum ya rabu da shanu masu amfani ya riƙe wadda ba ta nono ba ta haihuwa, yana ciyar da ita da rufin rumfarsa. Kwana goma sha ukun nan ban ambace su ba. Harawa ba ta fito ko sau ɗaya ba a cikin kundin. Mai Lofe ya ja layi a ƙarƙashin labarin Guntuwa ya rubuta a gefe cewa wannan misali ne mai daraja. Masu jarrabawa suka yaba, aka ba ni digiri, aka ƙara mini da gurbin karatu a Ingila.

Na kai wa Baffa kundin kafin in tafi, da baƙin bango da rubutun zinare. Ya goge hannunsa a riga kafin ya karɓa. Ya juya shi, ya ce yana da nauyi, ya sa mini albarka, ya ce Allah ya sa a amfana. Bai tambayi abin da ke ciki ba, ni kuma ban karanta masa ba. Ina shekara ta biyu a can aka aiko mini ya rasu, zazzaɓin kwana huɗu. Ban sami jana'iza ba, sai bayan arba'in na iso.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga yau. Gyaɗar da aka ce ita ce ci gaba cuta ta bi ta kanta 'yan shekaru bayan rasuwarsa, dala ta zama fili. Waɗanda suka rage da gicci su suka ci tuwo a shekarar. Yanzu kuma, in ka shiga irin tarukan da ake yi a manyan otal, za ka ji masana suna ta yabon haɗa amfanin gona iri biyu a gona ɗaya, da irin gyaɗar da take ba da 'ya'ya ta ba da abincin dabba. Sun raɗa wa abin sabbin sunaye, ana ba da digiri a kansa, ana tashi ƙasashe don gabatar da shi. Na zauna a irin wannan taro, wani yaro da bai kai jikana ba yana nuna mana hoton harawa a kan reshe a matsayin sabon binciken da aka gano. Aka tafa masa, ni ma na tafa, aka ba mu shinkafa da kaza. Fannin namu ke nan. Ya hana ka abinka, in ya ga ka mutu ya dawo ya sayar wa 'ya'yanka. Da Baffa yana nan ba na jin zai yi ko tsaki. Zai tambaye su yaya ganyen irin nasu, in sun amsa ya ce to.

Na koyar shekara talatin da wani abu. Na gaya wa ɗalibai su saurari manomi, su zauna a tabarmarsa, duk irin maganganun da malami yake yi don a ce yana da zurfi. Amma abin da zan faɗa yanzu ban taɓa faɗa a aji ba, don ina son girmana.

Da na iso ta'aziyya, bayan mutane sun watse, Inna Dije ta ce in biyo ta bayan gida. Guntuwa tana nan a turke, kuma ga maraƙa a gefenta, ashe ta sake haihuwa bayan tafiyata. Inna ta kwance igiyar ta miƙo mini. Na ce me zan yi da ita.

Ta ce, "Taka ce ai. Ranar sunanka mahaifinka ya ba ka maraƙa, kamar yadda ake yi wa kowane ɗa. Wannan jikarta ce, ita kaɗai ta rage a jinin. Baffanka ya ce ba zai gaya maka ba sai ranar aurenka, ya damƙa maka da hannunsa."

Na ce, "Inna, shekarar nan da ya sayar da shanu..."

Ta ce, "Nasa ya sayar. Na ce masa ya haɗa da ita ya bar mana Baƙar-kunne ko ma sami na miya, Abba ba zai sani ba, in ya sani ma ba zai damu ba. Ya ce dukiyar maraya ce, ba zai tashi da ita a wuyansa ba."

Ta faɗa ne kamar mai ba da labarin farashin gishiri, ba zargi a muryarta. Ba ta san abin da na rubuta ba. Har ta rasu ba ta sani ba.

In aka ce a auna abin da ya rage na mutum, to ga nawa ga nasa. Kundina yana nan a ɗakin karatu, an sha ambatonsa a wasu littattafai, kuma ta dalilinsa labarin wani Bafillace da ya fifita tsohuwar saniya a kan hankali ya zaga inda ni kaina ban taka ba. Na sami damar gyara shi sau da yawa, ban gyara ba. Shi kuwa Baffa bai bar rubutu ba, hotonsa ɗaya ne a duniya, wanda yake tsaye a gaban buhunan da suka cinye masa garke. Amma jinin Guntuwa yana nan a bayan gidanmu, jikokin Baffa suke kiwonsa. Na ce musu na bar musu tun tuni, sun ƙi. Har yau in baƙo ya tambaya, sai su ce shanun Abba ne.

Allah ya jiƙan Baffa Buba, ya sa amanar da ya riƙe ta riƙe shi. Ni da na ci amanar aka ba ni digiri a kanta, mai karatu ya taya ni roƙon gafara.